Farar riga, fuskar mahayi da dawakin jahi: yadda ake auna haske a ranar hawa

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina roƙon a duba mini wata matsala da ta hana ni sakat tun bayan Sallah. Na je kallon hawa da kyamarar da na saya ta hannu, Canon 700D, da lensi mai zuƙowa daga 55 zuwa 250, na tsaya tun bayan la'asar har aka kira magariba, na koma gida da hotuna fiye da 700, amma da na zuba su a kwamfuta waɗanda zan iya nuna wa mutane ba su kai 20 ba. A hotunan farko fuskokin hakimai sun yi baƙi ƙirin a ƙarƙashin rawani, shaddar da na gani da idona fara fat kuma ta koma ruwan toka, da na ƙara haske a kwamfuta sai fuskar ta cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa mata yashi. A hotunan ƙarshe kuwa, lokacin jahi, ba a bambanta ƙafar doki da ƙura. Na bar kyamarar a kan koren akwatin nan da take saita komai da kanta, kuma JPEG nake ɗauka. Wani abokina ya ce in sayar da ita in tara kuɗi in sayi sabon samfurin kyamara marar madubi a ciki. Shin laifin kyamarar ne, ko nawa?

Baban Studiyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayar da komai tukuna. Kyamararka ta yi abin da aka ƙera ta ta yi ne, kai ne ka sakar mata linzami a inda bai kamata ba. Ma'aunin hasken da ke cikinta bai san shadda ba, bai san fuska ba. Abin da ya sani kawai shi ne ya tattara duk hasken da ya shigo ya mayar da shi matsakaicin ruwan toka, wanda muke kira toka mai kashi 18 cikin 100. To idan hakimi ya cika maka fili da babbar riga da alkyabba da rawani duk farare, sai ma'aunin ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage shi har farin ya koma toka, kuma a wannan ragin fuskar da dama tana cikin inuwa sai ta nutse gaba ɗaya.

A zamaninmu na fim, da hoto 36 kawai muke da shi a nadi ɗaya, kuma ba ka ganin sakamako sai an wanke, mun dogara ne da wata ƙa'ida mai sauƙi. Idan rana ta take, ka sa ƙofar haske a f/16, saurin ƙifta kuma ya yi daidai da lambar ISO, wato ma'aunin yadda fim ko kyamara ke saurin karɓar haske. Daga nan sai lissafi: a ISO 200, f/16 da 1/200 na daƙiƙa daidai yake da f/11 da 1/400, daidai yake da f/8 da 1/800. Hikimar ita ce hasken ranar da ke sauka a filin ba ya canzawa don farin doki ya wuce baƙi ya shigo, saboda haka ka saita da hannunka sau ɗaya, ka riƙa duba shi duk bayan minti 10 yayin da rana ke yin ƙasa. Ni kuma ra'ayina a kullum shi ne a auna fuska. Mutum bai taɓa biyana kuɗi don rigarsa ta fito ba alhali ba a gane shi.

Malamin Kwas:
Baba, bayaninka a kan ma'auni babu abin ƙarawa a ciki, amma a kan auna fuska ina neman afuwa in ɗan saɓa, domin abin da ya dace da fim ɗin nagatif ba shi ne ya dace da sensa ba, wato farantin lantarkin da ke karɓar hoto a kyamarar zamani. Nagatif yana da haƙuri da yawan haske, ko ka zarce da mataki biyu (mataki ɗaya shi ne ninkin haske sau biyu) mai wanki zai iya ceto rigar. Sensa kuwa akasin haka take: da zarar wani wuri ya cika ya zama fari tas, babu sauran bayani a wurin, kuma babu manhajar da za ta dawo da aikin aska takwas da ya ƙone a ƙirjin riga. Inuwa ita ce ake iya ɗagowa. Don haka abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne su ƙara haske har zuwa gaɓar da farin ke gab da ƙonewa, su tsaya nan, sannan su ɗago fuskar a wajen gyara.

Sai dai wannan dabara ba ta aiki sosai sai da RAW, wato ɗanyen fayil mai riƙe duk abin da sensa ta ɗauka, kuma a nan ne ƙanenmu ya yi babbar asara. JPEG yana riƙe matakan haske 256 ne kawai a kowane launi, alhali RAW ɗin kyamararsa mai bit 14 ne, wato matakai 16,384. Lokacin da ya ja hasken fuskar a JPEG, yana shimfiɗa ɗan abin da ya rage ne a kan fili mai faɗi, shi ya sa ta yayyage. Ƙanena, bayan ka ɗauki hoto ka danna maɓallin bayani har jadawalin haske ya fito; duk inda ya ƙone za ka ga yana ƙyalƙyalawa. Idan ƙyalli ne a kan kwalkwali ko tsinin mashi, rabu da shi. Idan kuwa kafaɗar riga ce gaba ɗaya ke ƙyalƙyalawa, ka rage sulusin mataki ka sake.

Baban Studiyo:
Malam, na karɓi gyara a kan sensa, gaskiya ce. Abin da nake tsoro shi ne yaranmu su ji an ce "a ɗago daga baya" su mayar da shi lasisin sakaci. Na sha ganin hoton da aka ɗago fuskarsa mataki uku, fatar ta zama kamar an shafa mata toka, babu sheƙin nan na man jiki da ke nuna mutum yana da rai. Gyara yana da iyaka.

'Yar Zazzau:
Baba da Malam, ku gafarce ni, ina ganin ku biyun kuna jayayya ne a kan yadda za a raba asara, alhali ana iya kauce wa asarar tun kafin a danna. Ni aikina bukukuwa ne, kuma kusan kowane ango da abokansa cikin farar shadda suke zuwa, don haka wannan matsala ita ce abincina na kullum. Abin da na koya shi ne tazarar da ke tsakanin hasken riga da duhun fuska ba kyamara ke yanke ta ba, inda ka tsaya ne ke yanke ta. Idan rana tana bayan mahayi ko tana bisa kansa, rawani ya yi masa rumfa, amawali ya rufe haɓa, abin da ya saura ɗan tsagin ido da hanci ne a cikin inuwa, to ko wace kyamara ka riƙe sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. Amma idan ka tsaya ta yamma bayan la'asar, rana tana bayanka ta ɗan karkata gefe, haskenta yana shiga ƙarƙashin rawanin kai tsaye, sai ka ga fuska da riga sun matso kusa da juna a jadawalin, kuma babu wanda za ka sadaukar.

Saboda haka shawarata ga ƙanena ita ce ya je filin kwana ɗaya kafin hawan, a daidai lokacin da za a yi shi, ya ga inda rana ke faɗuwa da inda inuwar gine-gine ke kwanciya. Sannan ya koyi jira. Mahayi ba ya tafiya da kansa a miƙe. Yana waiwayawa ya amsa gaisuwa, yana ɗaga hannu ya yi jinjina, kuma a wannan daƙiƙar da ya juyo da fuskarsa wajen rana ne hoton yake. Na taɓa bin wani yaro ɗan kimanin shekara bakwai da aka ɗora a kan doki cikin ƙaramar alkyabba, na ɗauke shi sau goma sha wani abu duk a banza, sai da aka busa kakaki a bayansa ya zabura ya juyo, rana ta cika masa fuska har ana ganin kwallin idonsa. Wannan guda ɗayan ne iyayensa suka sa aka wanke babba.

Wani ƙarin abu kuma: farar rigar da kuke kuka da ita tana yi muku aiki kyauta. Idan rana ta sauka a ƙirjinta, takan mayar da haske sama zuwa haɓa da kumatu, tamkar faifan da muke riƙewa a studiyo.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Tunda an warware batun fuska, bari in taɓa batun dawaki, domin a ƙofar fadar Sarkin Damagaram na koyi wannan darasi da wahala. Ɗan'uwa, abin da ya faru da kai lokacin jahi shi ne rana ta yi ƙasa, kyamararka kuma da ka bar mata zaɓi sai ta rage saurin ƙifta don ta sami haske, wataƙila har zuwa 1/100 ko ƙasa da haka. Doki a guje yana bukatar 1/1000 kafin kofatansa su tsaya cak, idan ma kana son ƙasar da yake watsawa ta fito ƙwaya-ƙwaya sai ka kai 1/2000. Ga kuma nauyin lensinka: 250 a kan sensar 700D daidai yake da 400 a babbar sensa, saboda ana ninkawa da 1.6, don haka ko doki yana tsaye, rawar hannunka kaɗai ta isa ta ɓata hoto idan ka sauka ƙasa da 1/400.

Ka juya kan Tv, inda kai ke zaɓar saurin ƙifta, ka kafa 1/1000, ka bar ISO ya hau da kansa, ka ƙara awon haske da kashi biyu cikin uku na mataki saboda fararen kaya, sannan ka sa saitin gani a AI Servo, mai bin abin da ke motsi, da ɗigon tsakiya, ka ɗora shi a ƙirjin mahayin. Kada ka ji tsoron ISO 1600. Hoto mai ɗan yashi ana sayensa, hoton da ya yi dishi-dishi babu mai karɓa. Kuma ka sani a ƙasashenmu duhu ba ya jira. Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da haske zai ƙare bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, don haka duk abin da kake so ka same shi kafin ladan ya tashi.

Idan hasken ya gaza gaba ɗaya akwai dabarar bin doki: ka sauke zuwa 1/125, ka bi mahayin da ke giftawa da kyamara kana juyawa daga ƙugu, ka danna ba tare da ka tsaya ba. Jama'ar baya za su zama zane-zane, mahayin ya fito. A cikin goma ɗaya ko biyu ke yin kyau, amma wanda ya yi kyau ɗin yana nuna gudu fiye da wanda aka daskarar.

Akwai gargaɗin da ya fi duk wannan muhimmanci. Dogon lensi yana ruɗar ido wajen gane tazara, ka buɗe idonka na hagu yana kallon fili, kuma kada ka tsaya a layin da dawaki ke tahowa. Ni da kaina wani dogari ne ya fizgo ni ta wuyan riga, ban san doki ya iso ba sai da iskarsa ta buge ni.

Mai Sabon Kaya:
Ina girmama dukkan abin da manya suka faɗa, amma ina ganin ba a yi wa shawarar abokin nasa adalci ba. Duniyar kyamara ta riga ta juya. Nikon Z9 da ta fito a 2021 ba ta da labulen ƙifta na ƙarfe ko kaɗan. Canon R6 Mark II ta 2022 tana gane doki da kanta ta bi shi. Sony a9 III da aka sanar a Nuwamba 2023 tana karanta sensarta gaba ɗaya a lokaci guda, tana ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa. Shugaban Canon ma ya faɗa a ƙarshen 2021 cewa 1D X Mark III ce za ta zama ta ƙarshe a jerin manyan kyamarorinsu masu madubi. Babbar fa'idar marar madubi a wannan matsala tamu kuwa ita ce kana ganin awon hasken a cikin maleƙi tun kafin ka danna, da ya ga fuskar ta yi duhu da ya gyara nan take. Me zai sa mu ce wa matashi ya ci gaba da hoto 5 a daƙiƙa?

Malamin Kwas:
Batun ganin awon haske kafin dannawa gaskiya ne, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi a cikin maganarka. Sauran kuwa ina da ja. Kyamarorin da ka lissafa kuɗinsu ya ninka na tasa sau da yawa, kuma marar madubin da zai iya kaiwa gare ta da kuɗinsa tana da nata tarkon: idan ya sa ta a ƙifta marar sauti, sensar tana karanta hoto layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, sai mashi ya fito a lanƙwashe, ƙafar doki ta karkace. A9 III ɗin da ka ambata an yi ta ne musamman don magance wannan.

Kuma mu tuna, a 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, ya ɗauki dokin wani attajiri Leland Stanford a guje, ya tabbatar da cewa akwai lokacin da ƙafafu huɗun duka ke barin ƙasa, kuma a lokacin a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi. Da faranti na gilashi ya yi wannan aiki. Idan ƙanenmu yana da kuɗin kashewa, ni da lensi mai faɗin ƙofa zan fara, irin 70 zuwa 200 mai f/2.8 ko da na hannu ne, domin daga f/5.6 zuwa f/2.8 hasken da ke shiga ya ninka sau huɗu, kuma wannan shi ne abin da ya rasa da magariba.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, na rubuta komai a littafi. Ina da tambaya biyu. Filasha ba za ta taimaka wa fuskar ba? Sannan, wani da na nuna wa hotunan ya ce in bar wahalar da kaina, akwai manhajojin da ke haskaka fata da dannawa ɗaya, kuma wai mutane ma sun fi son haka.

Ɗan Damagaram:
Filashar da ke kan kyamararka ka manta da ita a filin hawa. Haske yana raguwa sau huɗu duk lokacin da tazara ta ninka, don haka a mita 20 ba ta kai wa kowa, sai dai ta haska ƙurar da ke gabanka ta cika hoton da fararen ƙwallaye. Tana kuma tilasta maka sauka zuwa 1/200, ga haɗarin firgita doki a cikin cunkoso. Amfaninta yana wajen hoton mutum a tsaye kusa da kai, a ƙofar gida kafin a hau. Haka nan masu tayar da ƙaramin jirgi marar matuƙi a kan dawaki, ƙararsa na razana su, kuma a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaro ake tayar da shi.

'Yar Zazzau:
Tambayarka ta biyu ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Haskaka fuska daban, canza launin mutum daban. Na farko gyara kuskuren awo ne don fatar ta fito yadda ido ya gan ta, na biyu kuwa ƙarya ce da ake yi wa mai hoton, ko da shi ya nema. Ba na musun cewa ana nema. An sha dawo mini da hoton amarya a ce in "ƙara mata haske", har wata uwa ta taɓa ce mini mai hoton da suka ɗauka a bikin yayarta ya fi ni iyawa domin a albam ɗinsa kowa fari ne. Na nuna mata hoton 'yarta a gefen taga, fatarta tana sheƙi kamar sabuwar tukunyar da aka goge, ta yi shiru, ta karɓa, amma ba ta sake kirana ba. Ina faɗin wannan ne don ƙanena ya san cewa matsayin yana da farashi.

Ya kamata kuma mu san cewa matsalar tana da tarihi. Shekaru da dama ɗakunan wankin hoto suna daidaita launi ne da wani kati na Kodak da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, kuma mai bincike Lorna Roth ta rubuta a 2009 cewa daga cikin abin da ya sa aka inganta launin ruwan ƙasa a fim har da ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa daidai a talla. Sai a 2021 Google ta fito da Real Tone a wayar Pixel 6 tana tallata cewa ta gyara yadda baƙar fata ke fitowa. Duk da haka, a Bamako ta ƙasar Mali, mai hoto Seydou Keïta da hasken rana kawai a tsakar gida ya fitar da baƙar fata kusa da farar babbar riga, kowanne da cikakken bayaninsa, tun a shekarun 1950, ɗan ƙasarsu mai hoto Malick Sidibé kuma ya karɓi kyautar Zinaren Zaki a birnin Benis na Italiya a 2007. Duk wanda ya ce fatarmu ce ke da wuyar ɗauka, ya je ya kalli aikinsu.

Baban Studiyo:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Zan ƙara da cewa hoton hawa ba na mai hoto ba ne shi kaɗai. A Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun gado na duniya, kuma abin da muke ɗauka yau shi jikoki za su duba don su san yadda 'yan lifidi da 'yan sulke suke shiga, da yadda ake naɗa rawani mai kunne biyu. Yanzu da na'ura ke iya ƙirƙirar hoto daga babu, har wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hotuna ta duniya ta Sony a 2023 da irin wannan hoto sannan ya ƙi karɓar kyautar ya bayyana yadda aka yi shi, fayil ɗin RAW ya zama shaidarka cewa kana wurin. Ka adana shi a wuri biyu.

Mai Sabon Kaya:
Na sauko a kan batun lensi, Malam ya fi ni hujja. Amma ina nan a kan cewa duk ranar da ya tashi canza kyamara, kada ya sake zuba kuɗi a mai madubi.

Ɗan Damagaram:
Wannan sai ranar ta zo. Kafin nan akwai abin da ke tafe wanda ba mu taɓo ba. Sallah tana matsowa baya da kwana 11 kowace shekara, kuma Ƙaramar Sallah da ta faɗo a ƙarshen Maris a 2025, nan da 'yan shekaru za ta shiga Fabrairu da Janairu, tsakiyar hunturu. Hazo yana da amfaninsa, domin yana tausasa rana ya rage tazarar riga da fuska, amma yana cinye haske da wuri, yana kuma sa hoton nesa ya yi fari-fari, sai ka matso kusa. Ƙurar kuwa ita ce abokiyar gaba. Kada ka cire lensi a fili ko da minti ɗaya ne. Ka zaɓi ɗaya tun daga gida, ka sa masa gilashin kariya a baki, ka rufe jikin kyamarar da leda ka ɗaure da roba. Idan ka koma gida, ka fara hure ƙurar da famfon roba kafin ka sa ƙyalle, domin goge gilashi da yashi a kansa kamar gurza shi da takardar sanfefa ne.

Sabon Shiga:
Yaya, tun ranar hawan nake ganin wasu ɗigo uku a sama ta hagu a duk hoton da sararin sama ya fito, kuma na goge lensin har sau biyu ba su tafi ba.

Malamin Kwas:
Waɗannan a kan sensa suke, ba a lensi ba. Ka sa f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, za ka gan su sarai. Ka cika batir, ka shiga wajen tsabtace sensa da hannu don madubin ya ɗaga, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura da famfon roba sau biyar ko shida ba tare da bakinsa ya taɓa komai ba. Kada ka hura da bakinka, kada ka sa auduga. Idan ka sake gwadawa suna nan, ka kai wa mai gyara, ka turo mana hoton bangon mu gani kafin ka biya.